Yadda Ake Zaɓen Libarbar Kwaikwayo Mai Cin Harsashin Kwanso Domin Harbin Tarihi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Lamiɗo a Garwa ko Ngaundere ranar hawan Sallah ya san ƙarar bindigar toka da hayaƙinta, ya kuma ga yadda ɗan bindiga ke zuba albarushi ta baki ya danna kafin ya sake harbawa. Libarbobin da aka gwabza yaƙin basasar Amurka da su daga 1861 zuwa 1865 ma kusan haka ake ɗura su: kowane rami na silinda, wato ƙarfen nan mai juyawa mai ramukan harsashi, sai an zuba masa albarushi ta gaba, a ɗora dunƙulen dalma, a danna shi da sandar da ke ƙarƙashin bututu, sannan a maƙala 'yar hular tartsatsi ta baya. Bayan yaƙin, masana'antu suka riƙa gyara waɗannan libarbobi domin su ci harsashi mai kwanson ƙarfe wanda ake sakawa ta baya. Kwaikwayon waɗannan gyararrun libarbobi, wanda ake ƙerawa a Italiya a yau, shi ne abin da za mu duba yadda ake zaɓarsa.

Tun kafin a yi nisa, ga ra'ayina: yawancin masu sha'awa suna fara zaɓe daga kyawun bindigar a hoto, alhali kuwa izinin hukuma da harsashin da za a iya samu ta halal su ne ya kamata su yanke hukunci, siffar bindigar ta biyo baya.

Izini kafin komai

A Kamaru, dokar da ke tsara makamai da harsasai ita ce doka mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016. Ta kasa makamai gida takwas, cikinsu akwai na kariya, na farauta, na wasan harbi, da tsofaffi na ajiya, kuma saye ko shigowa da bindiga yana buƙatar izinin ma'aikatar da ke kula da mulkin yankuna. Kamaru da Cadi duka suna cikin Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 kan ƙananan makamai, wadda ta fara aiki a 2017. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne mutum ya ɗauka cewa tunda siffar bindigar ta zamanin da ce, hukuma za ta ɗauke ta a matsayin kayan ado. An ƙera ta ne bana ko bara, tana cin harsashin da ake sayarwa a yau, saboda haka bindigar hannu ce cikakkiya a idon jandarma da ma'aikacin duwan. Ko a Faransa, inda baligi ke iya sayen libarbar kwaikwayo mai cin albarushi ba tare da izini na musamman ba, da zarar ta zama mai cin harsashin kwanso sai ta faɗa rukunin B, wanda sai da takardar izini. Don haka ka rubuta wa hukuma ta hannun ofishin sufurefe ko furefe, ka bayyana sunan samfurin, da girman harsashinsa, da wurin da za ka riƙa harbi, ka kuma jira amsa a rubuce kafin ka biya ko sefa ɗaya. Maganar baki ta wani dillali ba ta amfanar kowa a shingen bincike tsakanin Garwa da Marwa. Ga waɗanda ke karatu ko aiki a Turai kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce su shiga ƙungiyar harbi mai rajista a can, su bar bindigar a ƙasar da aka ba su izininta.

Haka nan kada wanda rashin tsaro ya dama ya sayi wannan bindiga da nufin kare gida. Ɗura ta da fitar da kwansonta ɗaya bayan ɗaya yana cin lokaci, kowane harbi sai an ja guduma, wato ƙarfen baya mai dukan harsashi, da babban yatsa, kuma an yi ta ne domin allon saiti da nazarin tarihi.

Wane tarihi kake son riƙewa a hannu?

Sanin dalilin da ya sa aka yi waɗannan gyare-gyare yana sauƙaƙa zaɓe ƙwarai. A 1855 wani mai suna Rollin White, wanda ya taɓa aiki da kamfanin Colt, ya samu takardar mallakar fasahar silindar da aka huda ta daga gaba har baya. Kamfanin Smith & Wesson ya karɓi haƙƙin amfani da ita shi kaɗai, yana biyan White santi 25 kan kowace libarba, wanda hakan ya ɗaure hannun sauran masana'antu har wa'adin takardar ya ƙare a 1869. White ya nemi a tsawaita masa, amma Shugaba Grant ya hau kujerar na ƙi a 1870. Kafin wannan lokaci Colt ya yi ƙoƙarin zagaye takardar White da tsarin Thuer, inda ake tura wani harsashi mai tsukakken gindi ta gaban silinda. An yi kimanin 5,000, bai kuma samu karɓuwa ba. Remington kuwa ya bi hanyar sulhu, ya yi yarjejeniya da Smith & Wesson a 1868, ya gyara kimanin 4,500 na samfurin New Model Army suka koma cin harsashi biyar na .46 (lambar faɗin harsashi a ma'aunin inci) mai tashi ta gefen gindi.

Da hanya ta buɗe, Colt yana da tarin kayan samfurin 1860 Army, wanda ya ƙera fiye da 200,000, da na 1851 Navy. Charles Richards ya samu takardar fasaharsa a 1871: aka yanke bayan silinda, aka saka wani zoben ƙarfe mai ɗauke da 'yar ƙofar ɗuri, da tsinken da ke dukan harsashi, da madubin saiti na baya, aka kuma cire sandar danna dalma aka sa sandar fitar da kwanso a madadinta. An yi kimanin 9,000 masu cin .44 Colt. A 1872 William Mason ya kawo tsari mafi arha, inda tsinken ya koma kan gudumar kanta, tsagar saiti ma ta koma kan guduma. Wannan shi ne Richards-Mason, wanda aka yi wa Army da Navy duka. Tsakanin biyun akwai samfurin da ake kira Richards na biyu, mai sandar fitar da kwanso irin ta Richards da guduma irin ta Mason. Sai kuma Open Top na 1871-72, kimanin 7,000 masu cin .44 Henry, wanda ba gyara ba ne tun asali, sabuwar ƙira ce da aka yi don harsashin kwanso, sai dai 'yan kasuwa sun saba jera shi tare da sauran. Fitowar sabuwar libarbar Colt, Single Action Army, a 1873 ita ta rufe wannan ɗan gajeren zamani, ko da yake an ci gaba da sayar da gyararrun na wasu shekaru saboda sun fi araha.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne wurin da madubin saiti yake. A Richards-Mason, tsagar da kake duba ta cikinta tana bakin guduma, ƙarama ce, kuma tana gushewa daidai lokacin da ka ja kunama. A Open Top tana kan gindin bututu, tsayayyiya, shi ya sa na fi ba wanda burinsa samun maki shawarar ya duba shi tukuna. Wanda kuma kamanni da na asali ya fi damunsa, Richards na biyu ya fi kowanne riƙe surar 1860 Army, da doguwar gaɓar nan mai lanƙwasa a ƙarƙashin bututu.

Tsakanin dangin Colt da Remington akwai bambanci na gini. Remington yana da gadar ƙarfe a saman silinda wadda ta haɗe gangar jiki ta zama guda, tsagar saitinsa tana kan wannan gada, bututunsa kuma a murɗe yake cikin gangar jiki ba ya motsi. Colt a buɗe samansa yake. Bututun yana zaune ne kan sandar tsakiya da silinda ke juyawa a kai, wani ɗan weji, wato ƙarfen da ake cusawa ta gefe, shi ke riƙe shi. Remington ya fi sauƙin sha'ani ga sabon shiga. Amma idan da baƙin albarushi za ka riƙa harbi, Colt ya fi jure datti, domin sandar tsakiyarsa tana da kauri da tsage-tsagen da ke riƙe maiƙo, yayin da siririyar sandar Remington kan fara cijewa bayan an juye silinda kaɗan. Ƙotar Remington ma tana matse yatsan tsakiya a bayan kariyar kunama ga mai babban hannu. A dangin Colt, ƙotar Navy gajera ce, ta Army ta fi tsawo, kuma babu wani bayani da zai maye gurbin ka riƙe kowace a hannunka.

Harsashi

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan ake asarar kuɗi. Harsasan asali, wato .44 Henry da .46 masu tashi ta gefen gindi, an daɗe da daina yin su don kasuwa, saboda haka masu kwaikwayo suka koma ga waɗanda ake samu: .38 Special, .44 Colt na zamani, .44 Special, .45 Schofield da .45 Colt. Ta fuskar tarihi, .44 Colt ne ya dace da Richards, amma shi ne mafi wuyar samu ko a Turai, balle a ce a kawo shi Duwala ko Njamena da takardu. Shi kansa .44 Colt na yau ba daidai yake da na da ba, domin na asali yana da dalma mai faɗin kusan inci .451 wadda gindinta kawai ke shiga kwanso, na yau kuwa dalmarsa .429 ce, an kuma tsuke bututun kwaikwayon ya dace da ita. Shi kuwa .45 Colt, kamfanin Colt bai taɓa yin gyararriyar 1860 Army mai cinsa ba a wancan zamani, kuma don ya shiga sai da Uberti, kamfanin Italiya mai ƙera kwaikwayon, ya ɗan ƙara girman silinda da gangar jiki, ga bangon da ke tsakanin ramuka ya zama siriri.

Shawarata ga mai zama a wannan yanki ita ce .38 Special. Gaskiya ne sai a 1898 ya fito, bayan zamanin da ake kwaikwayo, amma Navy ɗin da aka gyara a da .38 suke ci, saboda haka nisan bai yi yawa ba. Shi ne harsashin libarba da ya fi yaɗuwa a duniya, ya fi arha, bugunsa a hannu kaɗan ne, kuma ƙaramin rami yana barin ƙarfe mai kauri a silinda. Dillalin makamai mai lasisi zai fi iya samo maka shi fiye da sauran. Ko wane girma ka zaɓa, ka tsaya kan harsashi mai dalma zalla kuma mai sassauƙan ƙarfi, irin wanda ake yi don gasar kaboyi, wato gasar harbi da bindigogi irin na kaboyin Amurka na da, inda dokar SASS, ƙungiyar da ke shirya ta, ta hana na libarba ya wuce gudun ƙafa 1,000 a daƙiƙa, wato kimanin mita 305. Duk kwalin da ka ga an rubuta +P a kai, alamar harsashi mai ƙarin matsi, ka bar shi a kanta. Ginin da weji ke riƙewa ba a yi shi don wannan matsi ba, kuma ko bai fashe ba zai saki jiki tun da wuri.

Akwai hanya ta biyu da mutane ke bi, wato su sayi libarba mai cin albarushi ta Pietta ko Uberti, sannan su sayi silindar musanya irin ta Kirst ko Howell su saka. A Amurka wannan yana da farin jini, domin bindiga ɗaya tana yin aiki biyu. Ban ga hikimarsa a nan ba. Silindar kanta sashen makami ce da za ka nema wa nata izini, kuma kana iya samun kanka da bindigar da aka yi wa rajista a wani rukuni alhali ka mayar da ita wani. Ban da doka, akwai matsalar awo da ba kowa ke lura da ita ba: bututun libarbar albarushi ta .36 faɗinsa kusan inci .375 ne, dalmar .38 Special kuwa .357 ce ko .358, saboda haka sai ta wuce sakwa-sakwa ba tare da ta kama tsagar murɗe da ke cikin bututu ba, ta je allo a karkace, sai fa in an samu dalma mai rami a gindi wadda ke buɗewa da matsin harbi. Bututun .44 na albarushi ya fi dacewa da .45 Colt, amma yawancin irin waɗannan silindoji biyar suke ɗauka, kuma masu yin su sun hana a saka su a bindiga mai gangar jikin tagulla. Silindar da ba ta da ƙofar ɗuri kuwa sai an cire ta gaba ɗaya a kowane ɗuri, abin da ke da sauƙi a Remington, amma a Colt sai an fitar da weji an zare bututu. Wadda masana'anta ta gama haɗawa da kanta ta zo da bututun da ya dace da harsashinta, an kuma gwada ta a hukumance a yadda take.

Ka kuma san gasar da kake nufi kafin ka saya. Gasar kaboyi, wadda ta faro a kudancin Kalifoniya a farkon shekarun 1980, tana karɓar waɗannan libarbobi, sai dai guda biyu ake buƙata, wanda ke ninka kuɗi da takardu. Gasannin ƙungiyar MLAIC ta duniya kuwa na bindigogin da ake ɗurawa ta gaba ne. Gasarta ta Mariette, da ake yi a nisan mita 25, ta libarbar kwaikwayo mai cin albarushi da hula ce, mai cin kwanso ba ta da shiga.

Duba bindigar kanta

Kusan duk gyararrun libarbobin da ke kasuwa aikin Uberti ne, kamfanin da Aldo Uberti ya kafa a 1959 a Gardone Val Trompia da ke lardin Brescia, wanda yanzu yake ƙarƙashin Beretta. Sunayen Cimarron da Taylor's da za ka gani a intanet na masu shigar da kaya Amurka ne, ba su ke ƙerawa ba. Kowace bindigar Italiya tana ɗauke da hatimin gidan gwaji na ƙasa da ke Gardone. Ka nemi PSF a tsofaffi, ko CIP da harafin N a sababbi, alamar an gwada ta da garin zamani marar hayaƙi. Idan PN kaɗai ka gani, to baƙin albarushi kawai aka gwada ta da shi. Lambar da ke jikin bindiga ta yi daidai da ta takarda harafi da harafi.

Bayan ka buɗe ƙofar ɗuri ka juya silinda ka tabbatar da idonka cewa kowane rami babu komai, sai ka ja guduma a hankali sau shida. A kowane ja, silinda ta kulle daidai lokacin da guduma ta kai ƙarshe, ba sai ka taimaka mata da yatsa ba. Idan ta kulle, ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi ba ne, amma kada ta riƙa kai da komo gaba da baya. Ka ɗaga bindigar ga haske ka dubi tazarar da ke tsakanin fuskar silinda da gindin bututu: ta zama siririya, kimanin kaurin takarda ɗaya zuwa biyu, kuma daidai sama da ƙasa. A dangin Colt akwai wani aibi da masu harbi suka daɗe suna kuka da shi a kayan Uberti, wato sandar tsakiya takan gaza kaiwa ƙarshen raminta a cikin gaɓar bututu. Alamarsa ita ce idan ka ƙara tura weji sai tazarar ta ƙara tsukewa har silinda ta cije, kuma wurin da harsashi ke sauka ya riƙa sauyawa duk lokacin da aka kwance aka mayar. Maƙerin bindiga mai lasisi yana gyara wannan cikin sauƙi, amma irinsu ba su da yawa a yankinmu, don haka gara ka sa mai sayarwa ya duba ya gyara kafin a aiko.

Kada ka yi mamaki idan dangin Colt sun harba sama da inda ka saita a mita 25. Haka na asali suke, domin an daidaita su ne don nisa mai yawa, kuma maganinsa madubin gaba mai ɗan tsawo ne. Game da tsawon bututu, inci 8 na Army da inci 7.5 na Navy, wato kimanin santimita 20 da 19, su ne na tarihi, suna kuma ba ido tazara mai kyau tsakanin madubai biyu. Mai inci 5.5 ya fi sauƙin ɗagawa, amma ga mai harbin allo ban ga abin da ya ƙara ba.

Ƙa'idar da aka gada ita ce a ɗura biyar, a bar guduma ta kwanta kan rami marar harsashi, domin idan bindigar ta faɗi kan gudumarta alhali tsinke yana kan harsashi, tana iya tashi. Gasar kaboyi ma biyar take yarda a ɗura. Tabarau na kariya da toshiyar kunne dole ne, kuma kada hannun hagu ya kusanci gaban silinda, inda wuta da ɓurɓushin dalma ke fita ta gefe.

Yanayinmu yana da nasa hukunci a kan zaɓen. Baƙin launi mai sheƙi da launin bakan gizo da ke gangar jiki suna da kyau, amma ba sa tare tsatsa sosai, kuma daminar Ngaundere mai tsawo tana iya ɓata bututu cikin 'yan kwanaki idan aka ajiye bindiga a cikin kuben fata, domin fata tana riƙe laima. A Marwa da Njamena kuwa ƙurar hunturu ce abokiyar gaba: mai da yawa yana kama ta, ta zama kamar yashin goge ƙarfe a cikin kayan ciki, don haka shafa kaɗan ya isa. Wanda ya yi harbi da baƙin albarushi ya wanke bututu da silinda da ruwan zafi a ranar, ya busar, ya shafa mai, domin dattin albarushi yana jan ruwa daga iska. Tunda kowace shigowa da kaya tana buƙatar takarda, ka sa a haɗa maka kayan gyara cikin odar farko, a kuma rubuta su a takardar izini: sifirin na kunama da makulli guda biyu, hannun da ke juya silinda tare da sifirinsa, babban sifirin na guduma, weji ɗaya idan Colt ce, da cikakken jerin sukurori. Sukurorin Italiya suna da laushi, ana kuma ɗaure su tamau a masana'anta, saboda haka ka nemi sukudireba mai miƙaƙƙen baki wanda ya cika tsagar kowane sukuru daidai, domin na kasuwa mai baki kamar weji zai zame ya cinye kansa tun a kwancewar farko.